Naira Ɗaya Ta Hana Alhaji Barci

(Shagon Alhaji Bakano a Kantin Kwari, bayan La'asar. Ɗanboko, ɗan ƙaninsa, na riƙe da kalkuleta. Jauro Bafulatani na gefe yana ta taya atamfa tun hantsi bai saya ba.)

ALHAJI: Nawa ka ce sun taru?

ƊANBOKO: Naira 4,294,967,297, Baffa.

ALHAJI: Kai, rage murya, kasuwa ce! Raba min su huɗu, zan zuba a asusun matana. Ajiya fa, ba kyauta ba.

ƊANBOKO: Kowacce 1,073,741,824. Saura naira ɗaya.

ALHAJI: A ba uwargida.

JAURO: Amarya ta ji, Alhaji ya kwana a shago.

ALHAJI: Wa ya sa da kai? To raba wa 'ya'yana goma sha shida.

ƊANBOKO: Saura ɗaya.

ALHAJI: Yaran shago takwas?

ƊANBOKO: Ɗaya dai. Baffa, na gane lambar nan, mun yi ta a aji. Ka ɗauki naira ɗaya ka yi ta ninka ta biyu-biyu har sau 32, sannan ka ɗora ɗaya a kai, ita ke nan. Shi ya sa biyu da huɗu da takwas duk suke barin wannan ɗayar.

ALHAJI: Wato tun kafin in tara kuɗina Turawa sun san adadinsu?

ƊANBOKO: Tun 1640. Wani lauya a Faransa, Fermat, ya ce lambar nan ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta, kamar 7 ko 13.

ALHAJI: Madalla da lauya! Ba su rabuwa, sai in riƙe abina. Allah ya ga niyyata.

ƊANBOKO: Ai bai yi daidai ba. A 1732 Euler, mutumin Suwizalan, ya gano 641 na raba ta cif. 641 sau 6,700,417, ko kwabo ba ya saura.

ALHAJI: Shekara casa'in da biyu ana zaune lafiya, sai shi ɗan tsurku ya zo ya tona. Ba shi da sana'a ne?

ƊANBOKO: Sana'ar ke nan. Kuma da alƙalami ya yi, babu kalkuleta. Ya nuna duk lambar da za ta raba ta sai ta zama ninkin 64 da ɗoriyar ɗaya. Ka ga 641, ai 64 sau goma ne da ɗaya.

ALHAJI: To 641 ɗin ita ma a farfasa ta, ko a samu huɗu a ciki.

ƊANBOKO: Ba ta fasuwa. Ita ma 6,700,417 ɗin haka. Daga su biyun nan an kai bango.

ALHAJI: Yanzu ina zan samo mata 641? Shari'a huɗu ta ce. Jauro, shanunka sun kai haka?

JAURO: Aradu ba a ƙirga nagge a gaban Bakano. Amma ga sauƙi, Alhaji: ba ni naira ɗayar, sauran su rabu lafiya.

ƊANBOKO: Gaskiyarsa, Baffa. Da ka cire ta, sai a yi ta rabawa biyu-biyu har sau 32.

ALHAJI: In ba ka ita a kan me? Da irinta aka tara sauran. Sai dai in rage maka ita a kuɗin atamfa.

JAURO: Na yarda.

ALHAJI: Atamfar kuma ta tashi ɗazu.

(Wayar Alhaji ta yi ƙara. Ya miƙa wa Ɗanboko.)

ALHAJI: Duba min, kuɗi ne suka shigo?

ƊANBOKO: Banki ne suka cire naira 50.

ALHAJI: Inna lillahi! To ai ɗayar tana ciki, ko? Sake rabawa huɗu.

ƊANBOKO: Yanzu saura naira uku, Baffa. Uku su samu, ɗaya ta rasa.

JAURO: Alhaji, in kawo maka tabarma daga masallaci, ko kana da ita a shago?