Ƙanina, ka ji labarin Darren Waller kafin ka sake haɗiye ƙwaya

Da kai nake, ƙanina, kai da sauran samarin da kuke zaman majalisa bayan isha'i. Ranar Asabar da ta wuce mun fito yashe kwata a layinmu, kafin mu kai bakin kwalbati mun cika rabin buhu da kwalaben maganin tari da ɓawon tiramol. Babu baƙon da ya zo ya zuba mana su. Namu ne suka sha, kuma tun da na dawo gida raina bai kwanta ba. Shi ya sa zan ba ku labarin wani mutum daga Amurka, a wani wasa da yawancinmu ba ma kallo, don abin da ya same shi ya fi kama da halin da kuke ciki fiye da duk wa'azin da zan iya yi muku.

Sunansa Darren Waller, an haife shi a 1992, ya tashi a jihar Jojiya. Wasansa shi ne ƙwallon Amurka, wadda ake riƙe ta a hannu ana gudu, ƙatti suna kara da juna sanye da hular kwano. Gurbin da ya yi suna a kai shi ne wanda suke kira tight end, wato mai tsayawa a ƙarshen layin masu tare hanya. Aikinsa biyu ne. Wani lokaci ya sa ƙirji ya tokare ƙaton da ke son ya kayar da ɗan'uwansa, wani lokaci kuma ya zare da gudu ya cafe ƙwallon da aka jefo masa. Sai mai jiki da sauri a tare ke iyawa, kuma Allah ya hore wa Waller duka biyun: tsawonsa ya kusa mita biyu, nauyinsa ya haura kilo 110, ga gudu kamar barewa.

Yana ɗan shekara 15 ya fara shan ƙwayar kashe zafin ciwo mai suna oksikodon, dangin tiramol da kodin ɗin nan da kuka sani, sai dai ta fi su ƙarfi. Ba ciwo ne ya kai shi ba. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa tun yana yaro yake jin bai samu shiga cikin tsararrakinsa ba, ana yi masa gorin cewa maganarsa da ɗabi'unsa ba irin nasu ba ne, shi kuma burinsa kawai a karɓe shi. Abokai suka miƙa masa, ya karɓa. To ku faɗa mini gaskiya, wane ne a cikinku ya fara sha shi kaɗai a ɗaki? Duk a majalisa aka fara, ranar da aka ce maka kai yaro ne, idonka bai buɗe ba, ka ji kunya ka miƙa hannu. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarinsa shi ne shekarun da ya kwashe yana sha amma ana ganin kamar lafiya lau yake. Ya shiga jami'ar Georgia Tech yana bugawa. A 2015 ƙungiyar Baltimore Ravens ta ɗauke shi cikin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, a zagaye na shida na zaɓen sababbin 'yan wasa, shi ne mutum na 204. Dubban samari a Amurka suna mafarkin wannan matsayi ba su samu ba. Shi ya samu, ga albashi, ga suna, amma har ta kai yana kashe kusan dala 100 kowace rana a kan ƙwaya. A shekara biyunsa na farko sau 12 kacal ya cafe ƙwallo a wasa. A 2016 aka dakatar da shi wasa huɗu saboda gwajin ƙwaya, a Yunin 2017 kuma aka dakatar da shi shekara guda cur.

Na san abin da kuke cewa, don na ji da kunnena. "Yaya, ai ina zuwa aikina." "Ai ni don ƙarfin aiki nake sha, in na ga dama gobe sai in bari." Mai tuƙa adaidaita ya ce in bai sha ba ba zai kai dare ba, mai dako ya ce ƙafarsa ba za ta ɗauke shi ba. Waller ma yana zuwa atisaye, yana karɓar albashinsa. Zuwanka aiki ba ya nuna ka fi ƙarfinta, lokacinka ne bai yi ba tukuna.

Nasa lokacin ya zo a watan Agusta 2017. Ya sayi ƙwaya kamar yadda ya saba, ya sha a cikin motarsa a wani wurin ajiye motoci, ashe an gauraya ta da fentanil, wani sinadari da ya ninka hodar heroyin ƙarfi kusan sau 50. Nan ya sume shi kaɗai, babu wanda ya sani. Da sauran shan ruwansa a gaba, ya farka. Dubban mutane a ƙasar tasu sun sha irin wannan ƙwaya ba su farka ba. Kai ma da kake sayen naka a bayan kasuwa a hannun wanda ba ka san ko ina ya samo ba, ba ka san abin da ke cikin ƙwayar nan ba, kuma shi mai sayar maka ɗin ma bai sani ba.

Daga nan ya yi abin da yawancinmu muke gudu, ya yarda cewa abin ya fi ƙarfinsa. Ya shiga cibiyar gyaran masu shaye-shaye a jihar Maine, ya yi fiye da wata guda. Da ya fito ya koma gida Jojiya ya nemi aiki a wani kantin kayan abinci mai suna Sprouts, yana jera kaya a kan kanta, ana biyansa dala 11 a awa. Ku tsaya ku dubi wannan da kyau. Mutumin da aka nuna a talabijin, wanda duk unguwa ta san ya tafi NFL, ga shi sanye da rigar ma'aikatan kanti yana buɗe kwali yana jera kaya, kuma ko wane lokaci wanda ya san shi zai iya shigowa sayayya. A wurina nan ne ya ci babbar nasararsa, tun kafin ya koma fili. Mu a nan saurayi zai gwammace ya wuni a gindin bishiya yana caji da a gan shi yana tura baro ko yana wankin mota, wai kada ajinsa ya zube. Ajin nan da kuke tattali shi ke riƙe ku a majalisa.

An dawo da shi a 2018, amma a cikin 'yan atisaye kawai, waɗanda ba a sa su a wasa. A Nuwamban shekarar 'yan wata ƙungiya mai suna Raiders suka zo wasa Baltimore, masu horar da su suka hango wani dogo yana motsa jiki kafin a fara wasa, cikin kwanaki kaɗan suka ɗauke shi. A 2019 ya cafe ƙwallo sau 90, ya ci yadi 1,145 na tazarar fili da ita. A 2020 ya cafe sau 107, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a tarihin ƙungiyar kafin shi, aka zaɓe shi cikin gwarazan shekara. A 2022 suka sabunta masa kwantiragi na shekara uku a kan dala miliyan 51. Jikin nan dai shi ne na da, ƙwaya ce kawai aka cire. Daga baya rauni ya dame shi, ya koma New York Giants, ya yi ritaya a 2024, ya sake dawowa da Miami Dolphins a 2025.

Kada wani ya karanta wannan ya ce bari ya ci gaba da sha, in ya so ya tuba daga baya ya zama kamar Waller. Waɗanda ba su dawo ba sun fi yawa, kuma babu mai rubuta labarinsu. Akwai wani yaro a unguwarmu da in ya riƙe ƙwallo a filin makaranta har dattawa sukan tsaya kallo. Yanzu in na gan shi a bakin titi, leɓe a bushe, yana magana shi kaɗai, sai in kau da kai don kada hawaye ya zubo mini. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnatin Najeriya na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a ƙasar. A shekarar ce kuma aka hana maganin tari mai kodin, amma ga kwalabe nan a kwatarmu.

Abin da Waller ya riƙe har yau shi ne faɗin gaskiya. Ya zauna gaban kyamara a 2019 ya faɗi duk abin da ya yi, daga baya ya kafa gidauniya don taimakon matasan da suka faɗa irin ramin da ya faɗa. Mu kuwa ɓoyo muka iya, uwa ta rufa wa ɗanta asiri don kada dangi su ji, har sai abin ya kai inda ba ya rufuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙanina, ka zaɓi mutum ɗaya da ka amince da shi, babanka ne, kawunka ne, limamin masallacinku ne, ka gaya masa abin da kake sha da yawan da kake sha, ba ragi. Kada ka yanke sha da kanka kai kaɗai in jikinka ya riga ya saba, don janyewar tana zuwa da ciwon gaɓoɓi da zufa da amai da rashin barci, kuma a nan yawanci ake komawa. Akwai likitocin wannan fanni a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da na Dawanau a Kano. In kunyar zuwa kake ji, ka sami babban yayanka ya raka ka ranar Litinin da safe.