Shekarun gida da shekarun ƙwallo

Salama a gare ku cikin sunan Yesu, musamman ku samarinmu 'yan ƙwallo na Zuru da kewaye.

Jiya ban yi barcin kirki ba. Da yamma bayan mun tashi atisaye, wani yaro cikin waɗanda nake koyarwa ya biyo ni har inda na kafe babur. Ya ce, "Koci, an ce za a yi gwajin 'yan ƙasa da shekara 17 a Birnin Kebbi. Don Allah ka raka ni kotu in yi rantsuwar shekaru." Na ce masa shekarunka nawa? Sai ya yi murmushi ya ce, "Na gida ko na ƙwallo?"

Yaron nan ina nan ranar da aka miƙa shi a majami'a yana jariri. Shekararsa 20. Shi ne mai kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙan matasa, shi ne kuma yake tara mu a tsakiyar fili ya yi mana addu'a kafin a busa usur. Na ce masa ba zan raka shi ba. Ya dube ni ya ce, "Amma Koci, ai kai ka raka wane waccan shekarar."

Gaskiya ya faɗa. Na raka, na tsaya a bakin ƙofa har aka buga hatimi, na kuma gaya wa kaina taimakon maraya nake yi. Na roƙi gafarar Ubangiji, amma jiya na ga abin da na shuka ya tsiro a bakin wani yaro. Shi ya sa nake wannan rubutu.

'Ya'yana, ƙarya ce. Ku daina kiranta "gyaran takarda", ku daina kiranta "shekarun ƙwallo". Mutum ɗaya ranar haihuwa ɗaya gare shi, mahaifiyarka ta san ta, Allah kuma ya rubuta ta tun kafin ka ga hasken rana, haka Zabura 139 ta gaya mana. Musa ya roƙi Allah a Zabura 90 ya koya mana ƙidaya kwanakinmu, mu kuwa mun je mun tsaya gaban hukuma muna rantsuwa cewa shekara huɗu da ya ba mu ba a yi su ba. Shekara huɗu na abinci, na lafiya, na tsari a kan hanyar Zuru zuwa Kontagora, duk ka shafe su da biro ɗaya. Sannan ka dawo fili ka durƙusa ka ce "Ubangiji ka ba mu nasara", da takardar ƙaninka a cikin jaka. Wa kake roƙo?

Na san abin da za ku ce, don ni ma na taɓa faɗarsa: kowa haka yake yi, idan ba ka rage ba wani zai rage ya wuce ka. Na san a nan yaro sai ya kai 18 ko 19 kafin ya samu takalmin ƙwallo na kirki, don noma da makaranta da rashin kuɗi sun cinye masa ƙuruciya. Na san rashin tsaro ya raba wasunku da ƙauyukansu, kun yi shekaru ba fili ba koci. Ba na raina wannan wahala ko kaɗan, tana ci mini rai. Amma wahalarka ba ta ba ka izinin ɗora wa wani wahala ba.

Akwai wanda ba ma tunawa da shi. Yaro ɗan shekara 15 na gaskiya, wanda ya zo gwaji da kuɗin motar da uwarsa ta tara daga sayar da ƙosai. Ka sa masa kafaɗa ya faɗi, don ƙashinka ya riga ya yi ƙwari nasa bai yi ba. Aka ce ba shi da ƙarfi, aka sallame shi. Ya koma gida yana zaton bai iya ƙwallo ba, alhali ya iya, da babba aka haɗa shi. Gurbinsa ka ɗauka. Wannan sata ce a kan ƙarya. Ranar Lahadi kuma ƙila benci ɗaya kuke zama da shi.

Ku tuna da Yakubu a Farawa 27. Ya sa tufafin wansa, ya rufe hannu da fatar akuya, ya shiga wurin mahaifinsa da sunan da ba nasa ba. Ya samu abin da ya je nema, amma gudu ya yi ya bar gida, shekara 20 yana bauta a gidan Laban, shi ma aka yi masa irin abin da ya yi, aka musanya masa amarya da dare. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ko a idon duniya ma abin bai taɓa yi mana rana ba. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Najeriya shekara 2 daga gasannin matasa saboda saɓanin shekarun 'yan wasa, ta kuma ƙwace mana karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. Daga 2009 aka fara ɗaukar hoton MRI na wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17, ana duba ko ƙashin ya gama haɗewa. Ƙashi ba ya karanta takardar kotu. A 2016 'yan wasa 26 na Golden Eaglets, ƙungiyar Najeriya ta 'yan ƙasa da 17, suka faɗi wannan gwaji ana gab da wasa da Nijar, Nijar kuma ta fitar da mu, muna riƙe da kofin duniya da muka ci a 2015. Ka yi tunanin yaron da aka yi wa rakiya daga garinsu da addu'a, ya dawo da jakarsa bayan mako biyu. Me zai gaya wa babansa?

Ko da na'ura ba ta kama ka ba, kai za ka riƙa gadin ƙaryar. Shekarar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, dabam, ta takardar makaranta dabam, ta katin baftisma dabam. Abokin ajinka ya gaishe ka a gaban baƙi sai gabanka ya faɗi. Na ga wanda ya ce da ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ya riƙa kiran kansa yaya a gaban mutane. Wannan wace irin rayuwa ce ga ɗan haske?

Bulus ya gaya wa Timoti cewa mai wasa ba ya samun kambi sai ya bi ƙa'idar wasa, ku duba 2 Timoti 2:5. Yesu kuma ya ce a Luka 16:10 wanda ya yi aminci a ƙaramin abu shi zai yi a babba. Yau layi ɗaya ne a takarda. Gobe wani zai zo da kuɗi ya ce ka saki ƙwallo ta wuce, bakin da ya saba zai amsa.

Mu manya kuma laifinmu ya fi. Kociyoyi, iyaye, shugabannin matasa, har da masu riƙe littafin ikilisiya da ake lallaɓowa da dare a canza shekara a kati. Baba, Mama, kada ku ce "sa'a ce Allah ya kawo". Allah ba ya buɗe ƙofa da makullin ƙarya. Idan ɗanku ya wuce 17, akwai ƙungiyoyin manya, akwai gasar jiha, akwai wasannin manyan makarantu. Hanyar ta fi tsawo, ban kuma yi muku alkawarin za ta kai shi Turai ba. Amma zai bi ta da sunansa da shekarunsa, ya kwanta ya yi barci.

Ɗana da muka yi magana jiya, na san za ka karanta wannan. Ban ambaci sunanka ba kuma ba zan ambata ba. Ka yi fushi da ni, na gani, ka tafi ko sallama babu. Ka gafarta mini mugun misalin da na nuna maka. Ƙafarka ta hagu baiwa ce daga Allah, ba ta bukatar ƙarya ta tallafe ta. Kada ka je kotun nan, ina roƙonka. Wanda kuma ya riga ya yi, kada kunya ta hana shi zuwa, ya same ni ko fastonsa mu durƙusa tare, mu ga yadda za a gyara. Kada ka je, ɗana. Ka zo fili gobe ƙarfe 4, ina jiranka.