Tantabarun maƙwabci, tankin ruwana, da jami'in da ya ce in kamo masa su

Kwana huɗu uwargidana tana cewa ruwan famfon gidanmu ya canza ɗanɗano, ni kuma ina ce mata tsegumi ne irin nasu, sai ranar Talatar da ta gabata na ari tsani na hau inda tanki yake domin in kashe bakin maganar. Na tarar iska ta ture murfin gefe guda, a cikin ruwan kuwa ga ɗan shila ya mutu ya kumbura yana yawo, gashinsa ya tuttuje ya bazu a saman ruwa kamar an watsa auduga. Da wannan ruwan muka yi alwala kwana huɗu, da shi aka tuƙa tuwo, da shi kuma aka dama wa jaririyar da ba ta kai shekara guda ba koko. Ruwa ne wanda na saya jarka jarka a wurin 'yan garuwa, tunda famfon gwamnati a unguwarmu ya daɗe da zama abin ado, haka na buɗe ƙasan tankin ina tsaye ina kallon kuɗina yana kwarara cikin kwata.

Shekara shida ke nan ina fama da tantabarun maƙwabcina, wani Alhaji da katanga ɗaya ce ta raba mu. Da 'yan ƙalilan ya fara, ya kafa musu tukwane da 'yan akwatunan katako a jikin bango, amma duk wanda ya san tantabara ya san ba ta zama yadda aka ajiye ta. Ƙwai biyu take yi, cikin kimanin kwana 18 ta ƙyanƙyashe, kuma kafin 'yan shilan su gama koyon tashi uwar ta sake saka wasu. Tantabaru suka ninka, akwatunan Alhaji ba su ƙaru ko da ɗaya ba, saboda haka rarar ta yi ƙaura zuwa gidana. A can suke cin dawa, a nan suke sauke ta. Idan an yanka 'yan shila an yi farfesu a can ake sha, ni kuwa rabona shi ne kashi a kan shanya, da kashi a bakin taga, da gurnani a cikin silin tun kafin kiran assalatu. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a layinmu Alhaji ne ya ja ruwan, ni yake duka.

Abin ya ƙara tsananta bayan an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da janareta ya gagare ni kamar yadda ya gagari kowa. Na sayar da shi, na haɗa da kwasar adashe, na sa farantan sola guda huɗu a kan rufi, ashe gidan sama na gina wa tantabarun Alhaji da kuɗina. Tazarar da ke tsakanin farantin da kwanon rufi ita ce daidai abin da tantabara ke nema, domin akwai inuwa, ruwan sama ba ya shiga, shaho ba ya iya kai bara, kyanwa ma ba ta isa wurin. A ƙasa suka jibge tsinkaye suka yi sheƙa, a sama kuma suka mayar da gilashin masai, alhali kashi ko ɗan kaɗan ne ya rufe wani sashe na farantin yana rage wutar da yake tarawa. Batirin da ya kamata ya kai mu asuba yanzu ƙarfe biyun dare yake mutuwa, fanka ta tsaya, yara su tashi da kuka cikin zafin watan Afrilu. Kwanon da ke ƙarƙashin sheƙar kuma ya fara tsatsa, domin kashin nan yana cin ƙarfe sannu a hankali, damina biyu ke nan muna tara roba a tsakar ɗaki.

Kada wani ya ce ban yi ƙoƙari ba. Na rataya tsofaffin faifan sidi da zaren kaset kamar yadda manoma ke yi a gonar gero, na ɗaura gwangwanaye da tsakuwa a ciki, duk suka yi kwana biyu suna kallo daga nesa sannan suka dawo. Wani mai shago ya rantse mini cewa mujiyar roba ita ce maganinsu, na saya da tsada na kafa ta a ƙololuwar rufi da idanunta jajaye. Ranar farko babu tantabarar da ta sauka, har na fara yi wa uwargida alfahari. Rana ta uku da na fito da safe sai na ga wani ƙaton namiji a tsaye a kan mujiyar yana kumbura wuya yana zagaya mace, kan mujiyar kuwa ya yi fari fat da kashi. Abu ɗaya da ya yi aiki shi ne ragar waya da mai walda ya zagaye farantan da ita, sai dai da aka hana su nan sai suka koma cikin indararo suka toshe shi, suka kuma sami wata kafa a bakin rufi suka shige silin. Sau uku ina samun Alhaji da maganar cikin ladabi, sau ɗaya na kai ga mai unguwa, kowane lokaci kuma kalma ɗaya ake sallamata da ita, wato haƙuri, kamar haƙuri yana wanke tanki.

Da na sauko daga tsani ranar Talatar nan sai na ƙulle gawar ɗan shilan a baƙar leda, na ɗauki hotuna a waya, na nufi sakatariyar ƙaramar hukumarmu, sashen lafiyar muhalli, inda aka ce 'yan duba-gari suke. Na isa ƙarfe goma saura, ofishin a rufe. Sai sha ɗaya da kwata jami'in ya iso, yana taku ɗai-ɗai da ledar gyaɗa a hannu, ya buɗe ya shiga ya zauna bai ce mini in shigo ba. Na yi sallama sau biyu, a ta biyun ya amsa ba tare da ya ɗaga ido daga wayarsa ba. Na tsaya, tunda kujerar baƙi ɗaya ce kuma takalmansa ne a kai, na zayyana masa komai tun daga shekara shida da suka wuce har zuwa abin da ke cikin ledar, shi kuwa yana murje gyaɗa a tafin hannu yana hure ɓawon, har wani ya sauka a kan rigata.

Da na gama sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malam, tsuntsu ne fa."

Na ce, "Na sani, Yallaɓai, amma tsuntsun yana da mai shi."

A nan ne ya ɗago ya dube ni a karon farko, tun daga hula har silifa, irin duban da ake yi wa wanda ake tunanin rana ta taɓa shi. Ya ce, "To ta yaya ka san nasa ne? Akwai lamba a jikinsu? Ko sun nuna maka katin ɗan ƙasa?" Ya juya wajen wata ma'aikaciya da ke can gefe tana duba atamfofin da wata mai talla ta baza mata, ya ce, "Hajiya, kin ji wani sabon salo, ƙarar tantabara aka kawo mana yau." Ta yi dariya har da tafa hannu, mai tallar ma ta taya ta, domin ita ma tana neman ciniki. Na miƙa masa wayar ya ga hotuna, ya ture ta da bayan hannu. Na ɗaga ledar, ya toshe hanci ya ce in fitar masa da ƙazanta daga ofis, wato shi jami'in tsabta ba ya iya minti ɗaya da abin da iyalina suka kwana huɗu suna sha.

Na danne zuciyata na ce abin da nake roƙo kawai shi ne a turo wanda zai je ya duba, ya umarci Alhaji ya gina wa tsuntsayensa ɗaki mai raga ko ya rage yawansu. Sai ya gyara zama ya koma malami. Ya ce in ji tsoron Allah, ai tantabara ce ta yi ƙwai a bakin kogo lokacin hijira, tsuntsuwa ce mai albarka, wanda ta zaɓi gidansa ma arziki ne ya zo masa. Na ce, "Yallaɓai, ban zo in ce a kashe su ba, kuma addinin da ya girmama tantabara shi ne ya ce Mala'ika Jibrilu bai gushe yana wasiyya da maƙwabci ba har aka zaci zai ci gado." Wannan maganar ba ta yi masa daɗi ba. Ya ce ba wa'azi ya zo sauraro ba, shi da ya fara wa'azin. Idan ina son a fita duba, babu mota, babu mai, sai dai in na san abin da zan yi game da man babur da ɗan abin shan ruwa na yara. Da ya ga ban sa hannu a aljihu ba, sai ya koma kan wayarsa ya ce, "Ka je ka kamo tantabarun ka kawo su nan, sai mu rubuta musu sammaci." Hajiya ta sake fashewa da dariya, kuma dariyar ce ta raka ni har bakin ƙofa.

Allah ya saka wa Yallaɓai da alheri, ya koya mini abin da ban sani ba, cewa a ƙasar nan mai ƙorafi shi ne ɗan sanda, shi ne mai ba da man mota, shi ne kuma abin nishaɗin ofis. Iyayenmu suna ba mu labarin duba-gari na zamanin En'e, wanda idan ya shigo unguwa mata ke rige-rigen wanke randa, domin zai leƙa cikinta, in ya ga tsutsa a ci tarar mai gida ko wane ne shi. Yau sunan yana nan, albashin yana nan, kakin yana fitowa ranar da za a tare masu abinci a bakin titi a karɓi na goro, aikin ne kawai ya mutu. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma namu sun ci ladan sun kuma sayar da askar. Tsabtar muhalli da aka faro da bulala a zamanin Buhari da Idiagbon ta koma hana ababen hawa fita na 'yan sa'o'i a Asabar ɗin ƙarshen wata, a kwashe kwata a jibge a bakin hanya, ruwan sama ya mayar da ita inda aka kwaso ta.

Kuma wanda ke ganin maganar tsuntsu abin dariya ce ya manta cewa a watan Fabrairun 2006 a jihar Kaduna aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a duk nahiyar Afirka, aka hallaka kaji masu ɗimbin yawa, masu gonaki suka shiga uku. Busasshen kashin tantabara idan ya zama ƙura aka shaƙa yana iya jawo ciwon huhu, musamman ga wanda jikinsa ba shi da ƙarfi, ni kuwa tarinsa ne a saman silin ɗakin da jaririya ke kwana. Amma me zai sa in yi mamaki, bayan ina ganin yadda ake yi da manoman Kebbi da Jigawa da Yobe duk shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauko? Tsuntsu ne ɗan mitsitsi mai cin kimanin giram 10 na hatsi a rana, amma miliyoyi suke tafiya, su kwana a cikin kacalar fadamun Haɗejiya da Nguru, su wayi gari a kan shinkafar talaka. Manomi da 'ya'yansa su wuni a gona suna kaɗa gwangwani har murya ta dushe, jirgin feshi kuwa sau da yawa sai an gama ɓarna yake bayyana, a yi ihu bayan hari a gaban 'yan jarida. Gwamnatin da ke barin mai gona da gwangwani ba za ta damu da mai tanki da baƙar leda ba.

Mu ma jama'a ba mu tsira ba. Kowa yana son riba a gidansa, ɗawainiya a gidan maƙwabci. Wannan ya saki awakinsa su ci shukar mutane, wancan ya karkato kwatarsa ƙofar gidanka, wani ya tara tantabaru ɗari a wurin ashirin saboda an gaya masa suna kare gida daga sammu, kuma idan ka buɗe baki kai ne marar haƙuri, kai ne ba ka san zaman tare ba. Mai unguwa ba zai iya faɗa wa Alhaji gaskiya ba, domin buhun shinkafar azumi daga can yake fitowa.

Jiya na biya yara biyu suka wanke tankin da omo da bilic, na sayi sabon murfi na ɗaure shi da waya, na sake kiran mai walda ya auna bakin rufi da indararo, ya faɗi kuɗin ragar da ya kusa rabin albashina. Muna cikin ciniki yaron Alhaji ya yi sallama, ya ce wai Alhaji yana gaisuwa, kuma ya ce idan za a rufe silin a taimaka a fara fito masa da 'yan shilan da ke ciki, domin nasa ne.