A bar yara su tambayi "ya aka yi aka sani?"

Wallahi shawarar da wani labari da na karanta ya kawo, ta a riƙa koya wa 'yan sakandare tambayar yadda aka san abu kafin su haddace shi, ta min daɗi sosai. Yaro zai rubuta maka a jarabawa duniya zagayayya ce ya ci maki, amma ka ce masa ya aka gano sai ya yi tsuru-tsuru, don ba a taɓa nuna masa ba.

Ga Eratosthenes nan, wani masani Bagirke da ya zauna a Masar, wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ji cewa a garin Aswan da ke kudancin ƙasar akwai ranar da sanda ba ta inuwa da tsakar rana, shi kuma a Iskandariyya ya auna inuwa a irin wannan ranar ya samu digiri 7 da ɗan wani abu, wato kashi 1 cikin 50 na da'ira, sai ya ninka tazarar garuruwan sau 50 ya fitar da zagayen duniya. Sanda da inuwa kawai fa! Malami ai zai iya yin wannan da ɗalibai a filin makaranta, in sun haɗa kai ta waya da wata makarantar da ke can nesa kudu ko arewa da su.

Masu cewa yara za su raina malamai kuma gaskiya ban yarda ba, malaman hadisi ma sai sun bi isnadi, wa ya ji daga wa, kafin su karɓi ruwaya. Yaron da ya saba da haka in aka turo masa bidiyo a WhatsApp wai ganye kaza na warkar da ciwon suga, zai fara tambaya wa ya gwada, a kan mutum nawa.