Bindiga a Ƙugunka, Shago Kuma na Wani

Duk wanda ya taɓa zagaya Houston ko Dallas ya ga allon nan da ake mannawa a ƙofar wasu shaguna da asibitoci, mai dogon rubutu da Turanci da Sifaniyanci, da lamba 30.06 a jiki. Farkon ganina da shi na ɗauka lambar ofis ce. Ashe sashe ne na dokar laifuffuka ta jihar Texas a Amurka, kuma abin da yake cewa shi ne: mai lasisi, kada ka shigo mana da ɓoyayyiyar bindiga. Dokar ba ta wasa da siffar allon. Tsayin haruffa sai ya kai inci ɗaya, launinsu ya fita daban, a kafa shi inda ido zai kama. Ka ƙanƙanta rubutun, allonka ya zama ado. Mai rataya bindiga a fili shi ma da nasa allon, 30.07. A Florida kuwa allo kaɗai ba ya sa a kama mutum, sai an ce ya fita ya ƙi.

To idan babu allo fa? Shirun mai shago izini ne ko hani? A nan rigimar take, jama'a.

A watan Yunin 2022 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Bruen, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta ce fita da ƙaramar bindiga don kare kai haƙƙi ne da gyara na biyu na kundin tsarin mulki ya bayar. Ta rushe sharaɗin jihar New York na cewa sai ka kawo ƙwaƙƙwaran dalili kafin a ba ka lasisi. Ba a yi kwana goma ba Gwamnar New York Kathy Hochul ta sa hannu a sabuwar doka da ta juya lamarin: duk wuri mai zaman kansa haramun ne a shiga da bindiga, sai mai wurin ya ce a shigo. Hawaii ta bi sahu a 2023. Masu son bindiga suka laƙaba wa tsarin sunan dodon tatsuniyar Turawa mai shan jini, wanda wai ba ya iya shiga gida sai an gayyace shi. Kotunan ɗaukaka ƙara suka saɓa: wadda ke kula da New York ta dakatar da wannan sashe a wuraren da jama'a ke shiga, wadda ke kula da Hawaii ta bar nata. A Oktoban 2025 Kotun Ƙoli ta karɓi ƙarar Hawaii ɗin, wato shari'ar Wolford.

Ni dai ina bayan mai wuri. Dalilina ɗaya ne: abin ɓoye ne. Ka shigo shagona da kare, na gani, in ce fita da shi. Ka kunna sigari, hancina ya faɗa mini. Amma fistol ƙarƙashin riga, ta yaya zan hana abin da ban san da shi ba? Wanda ya san abin da ke ƙugunsa shi ya fi cancanta ya buɗe baki ya tambaya. Mu da muka tashi da sallama a bakin zaure wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Ba sai an rubuta "ba a shiga" a bango ba kafin ka san tsayawa.

Za a ce shago ba gida ba ne, mai shago da kansa ya buɗe ƙofa yana kiran masu saye. Gaskiya ne, amma ciniki ya kira ka yi. Sannan a ƙasar da bindiga ta zama tutar siyasa, manna allo ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗan gidan abinci. Ya manna, wasu su ƙaurace masa, ya ƙi mannawa, wasu su tsorata. Manyan kamfanoni ma lallaɓawa suke yi. Starbucks a 2013 roƙo ya yi kawai a daina shigo masa da bindiga, bai hana ba. Walmart, bayan kisan da aka yi a reshensa na El Paso a 2019, cewa ya yi a daina shigowa da ita a fili, ta ɓoye bai taɓa ta ba.

Hujjar ɗaya ɓangaren da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta mota. Mai lasisi da zai sha mai, ya biya kantin magani, ya sayi burodi, sau uku ke nan zai cire bindiga ya bari a mota, kuma daga motoci ake sace bindigogi da yawa a biranen Amurka. Wannan matsala ce ta gaske. Sai dai ban ga dalilin da zai sa a warware ta da haƙƙin mai burodi ba.

Abin da ke ba ni dariya, jihohin da suka fi kowa ihun kare dukiyar mutum su ne suka fara taka ta. Oklahoma, da Florida a 2008, da Texas a 2011, duk sun yi dokar da ta hana mai kamfani hana ma'aikacinsa ajiye bindiga a kulle cikin mota a filin ajiye motocin kamfanin. Fili nasa, harajin filin a wuyansa, amma a kan wannan ba shi da ta cewa. Kamfanoni a Oklahoma sun kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta kayar da su a 2009.