Miwin da mogin: kalmomin da ke sa yaranmu yi wa fuskarsu maki

Ka zauna a shagon aski a Kawo ko Unguwar Rimi da yamma, ba wuya ka ga ɗan saurayi ya ɗora yatsa a leɓe, sannan ya ja shi a kan ƙashin muƙamuƙinsa, abokai su kwashe da dariya. Alamar "miwin" ke nan, wato kada a sa shi magana, harshensa na manne a ganɗa. Kalmar ta samo asali daga sunan John Mew, likitan haƙori ɗan Ingila da ya ce manne harshe a saman baki yana fito da muƙamuƙi. Hukumar likitocin haƙori ta Birtaniya ta soke lasisinsa a 2017, ta kuma cire ɗansa Mike Mew daga rajista a 2024. Wannan ɓangaren ba ya yawo a TikTok.

Sauran kalmomin gidansu ɗaya. "Mogin" shi ne ka fi wanda ke gefenka kyau a hoto, "luksmaksin" kuwa duk wata fafutukar ƙara wa fuska kyau. Sun fito ne daga zaurukan intanet na samarin Turai da Amurka masu ƙullatar mata, inda ake ba fuska maki daga 1 zuwa 10 bisa kaurin haɓa da karkatar gefen ido.

Abin da ke damuna shi ne ma'aunin da kansa karkatacce ne. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2018 ya nuna cewa hoton da mutum ya ɗauki kansa daga nisan santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin 100, idan aka kwatanta da na nisan mita 1.5. Ke nan yaron da ke kallon waya yana ƙin hancinsa, ba hancin nasa yake gani ba.

Daga nan ake zarcewa ga cutar da kai. Taunar cingam mai tauri na tsawon sa'o'i tana kumbura naman muƙamuƙi ne kawai, ƙashi ba ya motsi, sai dai gaɓar da ke gaban kunne ta fara ƙara da ciwo. Masu bugun kunci da abu mai nauyi wai don ƙashi ya yi kauri, kumburi suke gani su ɗauka nasara ce, alhali suna iya tsaga ƙashin ko su lalata jijiyar da ke ƙarƙashin ido.

Mu dama muna da namu ciwon na bilicin, bai kamata mu ƙyale wani ya shigo ta hannun 'ya'yanmu maza ba. Uba ko malami da ya ji "an moge ni" daga bakin yaro kada ya yi masa dariya. Ya karɓi wayar, ya ja da baya taku biyu, ya ɗauke shi hoto, ya jera masa da wanda yaron ya ɗauka da kansa. Idan kuma haƙora ne ba su haɗuwa daidai, ko muƙamuƙi na ciwo, a kai shi wurin likitan haƙori tun ƙashinsa bai gama girma ba.