Nasiha Ga Mai Riƙe Da Makullin Akwatin Gidan Waya

'Yan uwana matasa, duk wanda ya tsaya ya dubi akwatin jefa wasiƙa da kyau zai ga cewa maƙeransa sun san halin ɗan Adam. Bakinsa siriri ne, daidai shigar ambulan, hannu ba ya kaiwa ciki, an kuma yi masa ɗan rufi daga sama saboda ruwan sama, ta yadda da zarar takarda ta faɗa, ko mai ita ba ya iya zaro ta. Turawan Ingila sun fara kafa irinsa a tsibirin Jersey a 1852, kuma daga 1874 suka koma shafa masa jan fenti domin a hango shi daga nesa.

A ƙasarmu kuwa, inda yawanci ba a bin gida-gida da wasiƙa, abin da aka fi sani shi ne bangon nan na gidan waya mai jerin ƙananan ƙofofin ƙarfe, kowace da lambarta. Magidanci ɗaya ne ke biyan kuɗin haya duk shekara, amma rabin unguwa na amfani da lambarsa, a rubuta sunan mai wasiƙa, a ƙara da "ta hannun" wane. Har gobe hukumar gidan waya ta Najeriya, wato NIPOST, tana bayar da hayar waɗannan akwatuna, kuma galibi matashin gida ake danƙa wa makullin.

Nan nake so mu ji tsoron Allah. Na san irin ɓarnar da sakaci ke yi, domin takardar kiran wani maƙwabcinmu zuwa ganawar neman aiki ta yi makonni a aljihun rigar yaron da aka aika, ba ta fito ba sai ranar wanki, bayan lokaci ya wuce. Yaron bai yi nufin mugunta ba, amma hakan bai dawo wa bawan Allah da damarsa ba.

Saboda haka idan makulli yana hannunka, ka riƙa leƙa akwatin ko da sau ɗaya a mako, ka kai wa kowa tasa a ranar da ka ɗauko. Kada ka ɗaga ambulan a rana don ka hango abin da ke ciki, kada kuma ka bayar da labarin daga inda wasiƙar wani ta fito, ko da kan sarkin da ke jikinta na Makka ne ko na Kumasi. Wadda ba ka san mai ita ba, ka mayar wa ma'aikatan gidan waya hannu da hannu.